Amsa ga ɗan'uwan da aka turo wa 'yan IT

Salamu alaikum ɗan'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, cewa an turo maka ɗalibai huɗu 'yan SIWES (shirin da ake tura ɗalibai ma'aikatu su koyi aiki a aikace, wanda aka fi kira IT) na wata shida a ɓangaren kwamfuta kuma ka rasa ta inda za ka fara tsara musu horo. Wallahi na kasa wucewa don abin ya fama min tsohon miki. Allah ya saka maka da alheri da har ka tsaya kana tambaya, da yawa ba ruwansu, yaro ya kawo takardar makaranta a buga masa hatimi shi ke nan an samu ɗan aike na kyauta.

Ni haka aka yi min. Wata biyun farko ba abin da nake yi sai sayo abinci da fotokofi da ɗaukar jarka in sayo man janareta, logbuk ɗina kuwa, wato kundin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kullum, daga littafi nake kwafo abin da zan cika don ba abin rubutawa. Sai wata ranar Laraba ogana ya ce kwamfutar akanta ta yi nauyi, in je in yi mata fomat, wato in goge abin da ke cikinta, in sa sabon Windows. Ga filashi ya miƙo min ya fita. Murna nake yau an ba ni aikin gaske. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce kafin ka goge komai ka kwashe fayilolin mutane zuwa wani wuri, ko sau ɗaya. Duk takardun albashi da lissafin baiwar Allahn nan a kan C suke, wato sashen had dis ɗin da Windows ke kai, na share su tas. Da ta dawo daga sallah ta duba, zama ta yi tana hawaye, mace ce da ta isa ta haife ni. Aka kira oga gaban manaja, ina tsaye yana kallon idona ya ce shi cewa ya yi in duba mata kawai, bai ce in yi fomat ba. Na buɗe baki zan yi magana ya daka min tsawa wai ɗan IT ne zai ƙaryata shi. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, kuma ba tsawar ce ta fi ci min rai ba, daga baya da na koyi aikin na gane da a lokacin aka kashe kwamfutar aka cire had dis ɗin aka gwada manhajar dawo da fayil, da an ceto da yawa. Shi ya san haka. Amma ya bar ni na ci gaba da loda Office da sauran tarkace a kai suna danne abin da ya rage, don hankalinsa na kan wanke kansa. Sauran wata huɗun nan ko linzami ba a ƙara bari na taɓa ba. Na yafe masa amma ban manta ba gaskiya.

To shi ya sa nake roƙonka, kar ka sa su a kan kwamfutar da ake aiki da ita sai sun lalata wadda ba a buƙata tukuna. Ka shiga sito ka kwaso matattun kwamfutocin da ƙura ta rufe, su kwance su zare RAM su mayar, su yi fomat sau goma in sun ga dama. Za ka sha mamaki, akwai ɗan aji uku a jami'a da bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba, kuma ba laifinsa ba ne. Satin farko ma ka zauna da kowa shi kaɗai ka ji abin da ya iya, don a gaban 'yan'uwansa ba zai ce bai sani ba.

Nawa ɗaliban yanzu a wata na biyu kebul ɗin haɗa kwamfutoci nake ba su, Cat6 da kawunan RJ45 da ake matsa wa a bakinsa da abin matsewa, su haddace jerin kalolin wayoyin cikin kebul na tsarin T568B har ya zauna, su gwada da testa, su san ba a jan kebul ɗaya ya wuce mita 100. Za su ɓata kawuna da yawa, ka sayi leda guda kar ka yi musu faɗa. Daga nan IP (adireshin kwamfuta a kan layi) da DHCP (tsarin da ke raba adireshin da kansa) da yadda ake ping, wato aika saƙon gwaji, a gano inda layi ya yanke. In ba ka da rawta (na'urar da ke haɗa layukan kwamfuta) ta gwaji akwai manhajar Cisco Packet Tracer mai kwaikwayonta, kyauta ce, VirtualBox mai ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin kwamfuta ma haka, su girka Ubuntu (madadin Windows) a ciki su yi ta ɓarna ba asarar kowa. Faswod ɗin admin kuwa kar ka ba su, ba don rashin yarda ba, don in abu ya ɓaci kar a ɗora musu. Ka kuma gaya musu fayilolin ma'aikata amana ne, yanzu ma akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023.

Kuma don Allah matan cikinsu kar a ajiye su a risefshan suna karɓar baƙi. Akwai wata da aka turo min bara, a wurinta na farko shayi take haɗawa, yanzu duk cikinsu ba mai gano matsalar firinta da sauri kamarta. Kuɗin mota ma ka yi musu magana wurin manaja ko kaɗan ne, wani daga nesa yake hawo adaidaita biyu, ni akwai ranakun da a ƙasa na taka.

Logbuk duk Juma'a ka karanta ka sa hannu, kar ka tara sai malaminsu zai zo dubawa ko sai ranar cike Form 8, takardar rahoton ƙarshen horo ta ITF, hukumar da ke kula da SIWES. In ka ga shafin sati ba komai ka san daga wurinka ne. Kuma mutum ɗaya ya zama shi ke ba su umarni, in ya sa su aiki mai haɗari ya rubuta ko a WhatsApp ne, da ina da wannan rubutun a ranar nan da ba a ƙaryata ni ba. Wata biyun ƙarshe kowa ka ba shi aiki nasa na kansa, wani ya zana taswirar layukan ofis ya liƙa wa kowane kebul lamba, wani ya tsara yadda za a riƙa kwafar fayilolin akanta duk sati.

Ka gaya min kwamfutoci nawa ne a siton naku da kuma ko akwai tsohuwar rawta, sai in turo maka jadawalin da nake bi ka gyara shi daidai da wurinka.