Kazata ta ji ciwo a ƙafa

Tambaya: Malam, kazata ta taka waya a bayan gida, ƙafar ta kumbura tana ruwa har da wari, maƙwabciyata tace in shafa baƙin mai. Me zan yi?

Amsa: Hajiya don Allah kar ki sa baƙin mai, guba ne. Ki ware ta daga sauran, don suna ganin jini sai caccaka. Ki tsoma ƙafar a ruwan ɗumi da ɗan gishiri kamar minti 10, a cire mugunya, a shafa aidin, a ɗaure da bandeji mai tsabta amma ba tamau ba, kullum a canja. In kumburin ya hau sama ko ta daina ci, sai likitan dabbobi, kuma in ya bata maganin kashe ƙwayoyin cuta kar aci ƙwanta har kwanakin da ya faɗa su cika.