Aure ya mutu, ina rabona a kamfanin?

Barista barka da aiki. Shekara 12 muka yi da mijina yanzu mun rabu. Yana da kamfani shi da abokinsa, shi kashi 60 abokin 30, ni kuma 10 aka sa min tun ranar rajista, ni nake riƙe musu lissafi ba albashi, har ajiyata na zuba lokacin da suka shiga matsi. Yanzu ya ce komai na kamfani ne ba nasa ba, ya kuma aiko da takarda wai in sa hannu. Yara uku suna wurina.

'Yar'uwa Allah ya kawo sauƙi. Takardar nan kar ki sa mata hannu sai lauyanki ya karanta, don sau da yawa irin ta mayar da hannun jari ce, kina sa hannu kashi 10 ɗin ya tafi.

Maganarsa akwai gaskiya a ciki amma bai ƙarasa ba. Kamfani mai rajista a idon doka kamar mutum ne mai zaman kansa, mota da gini da kuɗin asusu nasa ne, ba na masu shi ba. Amma kashi 60 ɗin fa? Wannan dukiyar mijinki ce kamar gida ko fili. Kuma ko fakewa da sunan kamfani ba kullum take tsirar da mutum ba, a 2013 Kotun Ƙolin Birtaniya a shari'ar rabuwar auren wani mai suna Prest ta ba matar gidaje 7 da ke da sunan kamfanonin mijin, saboda ta gano amana kawai kamfanonin suke riƙe masa.

Ko za ki samu wani abu daga nasa kason, ya danganta da dokar da ta hau kan aurenku, ba ki faɗa min ba. A Ingila misali alƙali na haɗa dukiyar duka ya duba buƙata da gudunmawar kowa, kuma tun shari'ar wasu ma'aurata masu suna White ta 2000 ba a fifita mai nemowa a kan mai riƙe gida. A shari'ar Musulunci kuwa kowa da dukiyarsa, saki ba ya jawo rabo, don haka ƙarfinki na kan kashi 10 ɗinki da kuɗin da kika zuba, bashi ne ko jari? nan hujja za ta yi aiki, rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, saƙonni, shaidu.

Inda ake kai ruwa rana shi ne ƙimanta kamfanin. Ki nemi a sa akanta da ba ya ɓangaren kowa ya duba lissafin aƙalla shekara 3 baya, don abin mamaki da an fara maganar saki sai riba ta faɗi, sai basussukan da ba a taɓa ji ba su ɓullo. Bayan nan ko ki riƙe kasonki, ko ya saya ya biya lokaci ɗaya ko kashi-kashi, ko a ba ki wata kadara a madadi. Ni dai ba na son mace ta zauna da kashi 10 a kamfanin da tsohon miji ke juyawa, shi zai ce a raba riba ko kar a raba, sai ki ga kina da jari a takarda aljihu ba komai. Ki duba dokokin kamfanin ma, wasu na tilasta a fara yi wa sauran masu jari tayi kafin a sayar.

Ciyarwa kuma maganarta daban. A Musulunci idan saki na kome ne ci da wurin zama na kansa har idda ta ƙare, mai ciki har ta haihu, ɗawainiyar yara kuwa tana nan kansa ko suna hannunki. Idan ya kawo ɗan ƙaramin albashi ya ce iyakar samunsa kenan, a tambayi wa ke biyan hayar gida da man mota da kuɗin tafiye-tafiyensa.

Takardun da ke hannunki ki yi musu kwafi ki adana, amma kar ki kutsa wayarsa ko imel ɗinsa, wannan zai iya juyowa kanki a kotu.