Amsoshin Tambayoyinku: Ƙuma ta Mamaye Akurki, Me Zan Saya?

Tambaya: Malam, kazata tana kwanci a kan ƙwai goma sha biyu, saura 'yan kwanaki ta ƙyanƙyashe sai ta tashi, ta ƙi komawa. Da na sa hannu a gurbin, wasu ƙananan abubuwa suka hau mini hannu, yarana ma sun kwana suna susa. Wallahi na kasa barci. Ko wani abu aka yi mana? (Wata uwargida, Funtuwa)

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, ba wanda ya yi miki komai. Jar ƙumar kaji ce, kuma gidan da ya fi naki tsafta ma tana shiga, domin tattabaru da tsuntsayen da ke sheƙa a rufin ɗaki suna kawo ta. Da rana tana ɓuya a tsagar bango da ƙarƙashin sandar da kaji ke kwana, da dare ta fito ta sha jini. Kaza mai kwanci ta fi kowa shan wuya, tunda kwana 21 take zaune wuri ɗaya. Idan kina son tabbatarwa, bayan isha'i ki ɗauki tocila da farin ƙyalle, ki goga a ƙasan sandar. Za ki ga jan zane-zane, jinin kajinki ne.

Ki fitar da kajin, ki kwashe ƙaiƙayi ko buntun da ke gurbin ki ƙone, kada ki zuba a bayan gida. Ki kwarara tafasasshen ruwa a duk wata tsaga, ki shanya kwanduna da katakai a rana, in bangon ƙasa ne a yaɓe tsagogin a shafa farar ƙasa. Sai ki maimaita bayan mako guda, domin a zafi irin namu ƙwan ƙumar kan zama babba cikin kamar kwana bakwai. Yaran kuwa wanka da wanke kayan kwanciya ya isa, ƙumar ba ta iya zama a jikin mutum. In ƙurajen sun yi ruwa, a kai su asibiti. Ƙwan da suka kwana a sanyi, ki haƙura da su.

Tambaya: An ce in ba kaji jan kafso a ruwan sha, ƙumar za ta faɗi. Guda nawa zan sa? (Wani matashi, Gusau)

Amsa: Ko ɗaya. Kafso maganin ƙwayoyin cuta ne na cikin jiki, me ya haɗa shi da ƙwaron da ke kwana a bango? Wanda ya gaya maka, ka tambaye shi kajinsa nawa suka rage.

Tambaya: Ni dai ba na son dogon aiki. Wanne ya fi ƙarfi, fiya-fiya ko Sniper? Ina so in fesa a akurkin in rufe su ciki su kwana. (Mai kaji talatin, Kano)

Amsa: Malam, wasiƙa irin taka ce ta fi yawa a wannan makon, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai. Za ka rufe kaji talatin a ɗaki da gubar da ke kashe mutum, sannan da safe ka zo neman ƙwai? Sinadarin da ke cikin Sniper, wato dichlorvos, tururinsa kaɗai yana sa kaza dalala da karkarwa da shaƙewa, kuma 'yan tsaki ne ke fara mutuwa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni barkatai saboda yawan mutanen da yake hallakawa. Shi ne kuma sinadarin da aka riƙa samu a wakenmu har Tarayyar Turai ta dakatar da sayensa a 2015. Fiya-fiya kuwa ta fi muni, domin shi kansa mai tallar bai san abin da aka zuba a kwalbar ba. Ba suna, ba ma'auni, ba ranar lalacewa, sai tsohuwar robar lemo ko ta ruwa wadda yaro zai gani a bayan ƙofa ya ɗauka abin sha ne.

Na san hujjarku: araha. To, a lissafa. Kwalbar ba ta da tsada, amma kowa ya san abin da kazar gida ɗaya ke kaiwa yanzu, balle gab da salla. Kaza biyu suka mutu, ka riga ka yi asarar kuɗin maganin kirki na shekara. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ta ma magani, domin ƙumar da ke can cikin tsaga da ƙwayayenta suna nan, bayan mako guda su dawo, kai kuma ka ƙara feshi, ka ƙara ƙarfi. Wannan ƙwaro yana iya yin watanni bai sha jini ba, don haka ko ka kwashe kajin ka bar akurkin a rufe, yana nan yana jiranka.

Kada kuma ku ɗauka mu kaɗai ne ke faɗawa wannan rami. A 2017 manyan gonakin kaji a Holand da Beljiyam sun yi amfani da wani haɗin maganin wannan jar ƙumar, ashe an cusa masa sinadarin fipronil, wanda aka haramta a can a kan dabbobin da ake ci. Miliyoyin ƙwai aka janye daga kantunan Turai, aka rufe gonaki masu yawa. Can akwai ɗakin gwaji da ya gano. A gidanka wa zai gwada ƙwan da za a soya wa yara da safe?

Abin da za ka saya shi ne hoda ko ruwan feshi mai sinadarin permethrin wanda takardarsa ta ambaci kaji, daga shagon magungunan dabbobi, ba daga tiren mai yawo a tasha ba. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka tabbata murfin a liƙe yake. Wanda ya ce zai ɗiba maka kaɗan a leda daga babbar jarka, ka yi masa godiya ka wuce, jabu ta nan take shigowa. In kwalba ɗaya ta yi maka tsada, ku haɗa kuɗi da maƙwabta, dama ƙumar ba ta san katanga ba. A fitar da kaji da mazubin ruwa da abinci kafin feshi, a rufe hanci, a bari ya bushe, kuma a bi ma'aunin da aka rubuta. Ninka shi ba ya ƙara komai sai haɗari. Duk da haka sai ka yi aikin da na lissafa wa Hajiyar Funtuwa, wanda ka ce ba ka so.

Tambaya: Ina da ragowar ivermectin na shanu. Zan iya yi wa kaji allura? (Wani makiyayi, Maraɗi)

Amsa: Kada ka yi da ka. Abin da kaza ke buƙata ɗan mitsitsi ne, kuskure kaɗan ya kashe ta, kuma maganin yana fita a ƙwai. Ka je wurin likitan dabbobi ya auna maka, ya faɗa maka tsawon kwanakin da za a daina cin ƙwan da naman.

Tambaya: Ƙafafun zakarana sun yi kaushi, sun kumbura, ɓawon ya ɗaɗɗaga, har yana ɗingishi. Kakata ta ce in tsoma su a baƙin mai. (Wata ɗaliba, Azare)

Amsa: 'Yata, ki gaishe da Kaka, ta gano ciwon daidai: wani ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa a ƙarƙashin ɓawon, kuma maiƙo yana toshe masa numfashi. Amma baƙin mai da kananzir suna ƙona fata. Ki jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi da sabulu, ki tsane su, ki shafa basilin sosai har cikin ɓawon, sau biyu ko uku a mako na 'yan makonni. Kada ki ɓamɓare, zai yi jini. Ki kuma tanadar musu wuri busasshe mai toka da yashi su riƙa birgima, wannan ba sai kin kashe ko sisi ba.

Tambaya: Zan sayo kaji biyar a kasuwar ƙauye in ƙara a kan nawa. Me zan duba? (Wani malamin makaranta, Daura)

Amsa: Ka ɗaga fiffike, ka buɗa gashin gindin wutsiya, ka dubi ƙafa da kewayen ido. Wadda fuskarta ta yi fari fat, bar wa mai ita. Ko sun yi kyau, ka ware su mako biyu nesa da naka, kuma kwandon da aka zo da su kada ya kwana a akurki.