Amsa ga mai son dawo da karatunsa Legas

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka gama aji biyu a wata jami'a a Kano, yanzu iyalinku sun dawo Agege, kana so ka ci gaba a Jami'ar Legas (UNILAG) ko Jami'ar Jihar Legas (LASU) ba tare da ka koma farko ba. To yana yiwuwa amma fa sai ka daure.

Makinka ba a aljihu za ka ɗauko shi ba, tsohuwar makarantar ce za ta turo takardar sakamakonka kai tsaye zuwa ofishin rijistara na sabuwar, su kuma malaman sashen da kake son shiga su zauna su gwada kwas da kwas, wanda ya yi daidai da nasu su karɓa wanda bai yi ba ka sake shi. Shi ya sa galibi aji biyu ake mayar da mutum ko da ya kusa shiga uku. Ƙanina haka ta faru da shi, wata huɗu muna zarya saboda takardar nan tana kwance a teburin wani ma'aikaci, sai da na hau motar dare na je da kaina wallahi.

Abin da mutane ke mantawa shi ne JAMB, hukumar da ke kula da shiga manyan makarantu. Dole sunanka ya koma ƙarƙashin sabuwar makarantar a wajensu, in ba haka ba lokacin bautar ƙasa NYSC ba za ta ga sunanka ba, ka zo kana kame-kame.

Kuma duba nisa malam, LASU tana Ojo ne kusa da Alaba Rago, daga Agege kullum a danfo da goslo ɗin nan ba wasa ba ne. Kar ka janye daga Kano sai takardar karɓa ta shigo hannunka.