Tambayi likita: danna waya ana tuƙi

Tambaya: Salam likita, ni ɗalibi ne a Zariya, da motar babanmu nake zuwa lakca kuma gaskiya ina ɗan leƙa WhatsApp a hanya, amma bai wuce sakan biyar ba. Wai har wannan ma matsala ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Mu yi lissafi tare. Mota in tana gudun kilomita 60 a awa, duk sakan ɗaya tana cin kusan mita 17, to sakan biyar ɗin nan da ka raina mita 80 da ɗoriya ne ka yi ba ka ga titi ba, saura kaɗan ka ƙure filin ƙwallo, kuma ka san titinmu, ga ɗan acaɓa ga mai adaidaita ga yaro mai tallan fiyawata zai tsallaka ba ko waige. Hukumar lafiya ta duniya WHO ta ce mai waya yana tuƙi haɗarin ya yi karo ya ninka kusan sau 4. Saƙon group ɗin aji zai jira ka wallahi.

Tambaya: Likita ni iyafis nake sawa, hannuna biyu na kan sitiyari. Ai na tsira ko?

Amsa: Ƙanwata da sauƙi dai amma ba ki tsira ba. Hankali ne ke tuƙi, in yana wajen hirar tes ɗin gobe ƙafa tana makara wajen taka birki. Ki samu waje ki faka ki amsa.

Tambaya: Jiya abokina yana tura saƙo ya daki bayan wata tifa, goshinsa ya bugu amma ba jini. Yau yana ta ciwon kai, ya yi amai sau biyu. Mu ba shi farasitamol?

Amsa: A'a, ku kai shi asibiti yanzun nan, sashen gaggawa, kar ku tsaya kemis. Rashin jini a waje ba ya nufin komai lafiya, jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, mutum yana hira ras bayan awanni sai barci mai nauyi da ruɗewa ko farfaɗiya. Amai bayan buguwar kai alama ce da ba ma wasa da ita, mai yiwuwa a yi masa hoton kai na CT. Kar ku ba shi asfirin ko ibuprofen don suna iya ƙara zubar jinin, kar a bar shi shi kaɗai, kuma don Allah wani ya tuƙa ba shi ba.