Kwalbar ba ta lalace ba, zumar ce

Ɗana na ga saƙonka tun daren jiya, kicin ne ya riƙe ni. Ka ce wani Bafaranshe ya ci krep, wato fanken Faransa marar kauri, mai zuma a teburin da kake hidima a gidan abinci, ya ce ka zaɓo masa giyar inabi, ka kawo masa jar nan ta yankin Bordo na Faransa, ya kurɓa sau ɗaya ya yatsine fuska ya ture kofin, shine kake tambaya ko kwalbar ce ta lalace.

Lafiyarta ƙalau. Ni da kai ba ma sha, amma ba sai ka sha ba zaka gane. Lashi zuma cokali guda sannan ka ɓare lemo ka tsotsa, lemon da ɗazu yake da zaƙi sai kaji tsami zalla. Toh abinda ya samu bakin mutumin kenan, zuma ta kashe ɗan zaƙin dake cikin giyar, saura tsami da bauri, ita kuwa ja dama bauri ne da ita irin na shayin da aka manta a wuta. In abin cikin faranti ya fi na cikin kofi zaƙi, an ɓata duka biyun.

Kuma ka daina kallon fanken kansa, fulawa ce da ƙwai da madara, ba ruwanta da kowa. Abinda aka ɗora a kai zaka duba. In zuma ce ko sukari ko jam, ko fanken Amurka mai kauri da suke malala wa ruwan zaƙin bishiyar mapul na Kanada, sai fara mai zaƙi, Moscato d'Asti ta Italiya mai ɗan kumfa, ƙarfinta wajen kashi 5 ne cikin ɗari, ba nauyi. Krep Suzette da ake yi da man shanu da ruwan lemo a zuba Grand Marnier, wata giya mai ƙamshin lemo, a kunna wuta gaban baƙo, Sauternes ce daidai da ita, kaga ita ma daga yankin Bordo ɗin take amma fara ce mai zaƙi sosai, sai dai tsada, ka faɗi kuɗin tukuna kada a yi rigima wajen biya, na taɓa ganin haka wallahi ba daɗi.

Mai gishiri kuma daban. Galet, wato krep mai gishiri na yankin Bretany a Faransa, da garin sarazan ake yi, suna ce masa baƙar alkama duk da ba alkama ba ce, a fasa ƙwai a tsakiya a sa cuku da jambon, wato naman alade mai gishiri. Wannan fara marar zaƙi mai ɗan tsami yake so don ta wanke maiƙo, Muscadet ta wajen birnin Nant. Amma gaskiya su mutanen Bretany ba giyar inabi suke haɗawa da shi ba, sidir ne, giyar tuffa, a ɗan kwanon tangaran, marar zaƙi ga galet, mai zaƙi ga krep. In akwai a firij fara miƙa shi, da wuya a ture maka.

Ranar 2 ga Fabrairu bikin Shandelar ne, ranar cin krep ɗinsu, wurin zai cika. Ka sa fararen da sidir a sanyi tun safe, kuma ka tanadi ruwan tuffa mai gas da zoɓo marar sukari da yawa saboda masu zuwa da iyali da namu da basa sha.