Tura wa kwastoma rasit kai tsaye daga Google Forms

Malam, kana tambaya ko odar da kwastoma ya cike a Google Forms za ta iya shiga rajistarka, rasit ya tafi imel ɗinsa ba tare da ka sa hannu ba. E, zai yiwu. Forms da kansa yana zuba amsoshi cikin Google Sheets, wato teburin lissafi na Google, idan ka haɗa su, sai ka sa Zapier, wato dandalin da ke haɗa manhajoji su yi aiki tare, ya riƙa duba teburin, duk sabon layin da ya shigo ya tura saƙo ta Gmail.

Amma da zarar ka haɗa, kada ka sake taɓa sunayen da ke saman teburin. Na ga shagon da aka canza "Kuɗi" zuwa "Farashi", rasit ya riƙa fita babu adadi har sai da kwastomomi suka fara ƙorafi.